An Ce Albashinsu Ya Tashi

Litinin, da hantsi

Rediyon mai shagon ƙasa ne ya faɗa, ina shanya a baranda. Wai an fitar da rahoto, albashin ma'aikatan kwamfuta da sadarwa a jihar nan ya sake tashi, har ya wuce na 'yan banki. Mai shago ya ɗaga kai ya hango ni, ya ce, "Matar Injiniya, ashe da manya muke zaune ba mu sani ba!" Na yi dariya na ce Allah ya sa. Rigar da ke hannuna a lokacin ita ce shuɗiyar nan ta kamfani mai tambari a ƙirji, wadda wuyanta ya cinye har na juya shi na ɗinke ta ciki.

Kafin azahar Umma ta kira. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "'Yar nan, ki gaya wa mijinki uwarsa ma tana da rediyo."

Tun kafin aurenmu Nawan, maigidana, yake wannan kamfani. Shi ke riƙe da na'urorinsu. In aka ɗauki sabon ma'aikaci shi ke buɗe masa hanyar shiga, in aka sallami mutum shi ke kulle shi. Abu ya lalace, wayarsa ake kira, ko loma ce a bakinsa. Shi ya sa suka ba shi ƙaramin akwatin intanet ya kawo gida, yana nan kan firij da 'yar koriyar fitilarsa. Don aiki aka ba shi, amma ni na fi cin moriyarsa, da shi nake buɗe littattafaina a waya. Albashi kuwa yana nan inda na tarar da shi ranar da na shigo gidan nan, daram, kamar firij ɗin.

Jarumin littafin da nake karantawa shi ma ɗan kwamfuta ne. Ya danna nan ya danna can, sai ga gida da lambu. Ba a taɓa rubuta wuyan rigarsa ba.

Laraba, bayan la'asar

Na hau sama wurin amarya, sabuwar maƙwabciyarmu. Mijinta Dogo shi ne sabon da aka ɗauka kwanan baya, Nawan ke koya masa aiki, shi ya ma nema musu gidan.

Kujerunsu ko ledar ba a cire ba. A lungu ga injin wanki fari tas, yana juyi shi kaɗai kamar mai tunani. Na tsaya kallonsa fiye da yadda ya kamata.

"Anti, wai ke da hannu kike wanki?" in ji ta. "Da albashin Oga guda?"

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na gyara zama irin na matan littafi, na faɗi abin da yake ɗauka, har da ɗan ƙari a kai don ya yi kauri.

Ta fashe da dariya. "Kai Anti, kin iya zolaya! Na rabin wata kike nufi?"

Sai ta kalli fuskata. Dariyar ta tsaya mata a wuya. Ta ce bari ta kawo mini ruwa, alhali ga ruwa a gabana. Da ta dawo na matsa mata sai da ta faɗi na mijinta. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Alhamis, da safe

Na gaya masa yana shan shayi. Na ɗauka kofin zai faɗi. Ko girgiza bai yi ba.

"Na sani," ya ce. "Ko ban san adadin ba, na san ya fi nawa. Haka kasuwar ta koma. Sabo sai an sa masa tsada kafin ya zo, don kowa na neman sa. Tsoho kuwa yana nan, wa ke tsoron ya gudu?"

"Kai kake koya masa fa!"

"Uwar labari, ki rage murya. An hana mu maganar albashi tsakaninmu. Kada ki ƙara tayar da ita da kowa."

Na ce to yaya ake yi a sami ƙari? Ya ce a sana'arsu hanya ɗaya ce kowa ya sani: ka je ka ce wani kamfani yana neman ka da abin da ya fi wannan. In suna son ka, sai su biya su riƙe ka.

"To ka ce ana neman ka."

"Ba a nema na."

"Su sun sani?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ja mini kunne a hankali, ya ɗauki jakarsa.

Tambaya kawai na yi.

Juma'a, da yamma

Bututun injin wankinsu ta bangon kicin ɗinmu ya bi. Duk sanda ya zubar da ruwa ina ji.

Lahadi, bayan azahar

Mun je gaida Umma. Ta kalli gyalena, wanda yayata ta ba ni ta gaji da shi, ta ce, "Ma sha Allah, ana dai shanawa." Ta juya wurin ɗanta. "Babana, ni ba roƙo nake ba. Amma duk unguwa an ji an yi muku ƙari, ni kuma rufin ɗakina yana yoyo. Ko akwai mai riƙe maka aljihu ne?" Ba ta kalle ni ba. Da ma ta kalla.

Ya ce, "Umma, lissafin jimla ne suke faɗa a rediyo, ba na kowa ba ne."

"Jimla ba da kai a ciki ba?"

Da muka iso gida na karanta masa wani wuri a littafina, don ya sake kawai. Wurin da jarumin ya rantse gobe zai shiga ofishin mai kamfani ba sallama, ya dafa tebur da hannu biyu, ya ce ko a san darajarsa ko ya bar musu kayansu. Nan babin ya ƙare, marubuciyar sai ta ga dama take sako na gaba. Na karanta da murya mai kauri, ina dafa teburin cin abinci. Ya yi murmushi. Ya ce in sake karanta wurin.

Shi ya ce in sake.

Talata, da hantsi

Ina shara na ji shi a banɗaki yana magana da madubi. "Ranka ya daɗe, akwai waɗanda suka tuntuɓe ni." Ya tsaya, ya sake. Na leƙa na ce, "Ba haka ba, Nawan. Kada ka ce ranka ya daɗe. Ka ɗaga haɓa. Ka ce ka ba su zuwa ƙarshen mako."

"In suka ce in tafi fa?"

"Kai? Wa zai riƙe musu kayan? Kwana ɗaya ba za su yi ba."

Ya kalle ni ta cikin madubin, kallon da ya daɗe bai yi mini ba, irin na farkon aure. Na ji kamar ni ce matar littafin.

Laraba, bayan la'asar

Na zaɓi labulen da za mu saya. Mai ruwan zuma. Injin wanki kuma ba fari ba, fari yana saurin nuna datti.

Alhamis, da sassafe

Na goge shuɗiyar rigar har tana ƙyalli. Na fesa masa turaren da muke ajiyewa don fita. A bakin ƙofa na gyara masa wuyan rigar, na tura ɗinkin ciki yadda ba za a gani ba. Ya ce, "Ki yi mini addu'a." Na ce an gama.

Alhamis, da azahar

An sako babin. Na kwanta a kujera na danna. Ya fara buɗewa, ɗan zoben nan yana juyawa, yana juyawa. Na kashe na kunna. Yana juyawa.

Na tashi na duba kan firij. Fitilar ja ce.

Ban taɓa ganin ta ja ba. Ko da wuta ta ɗauke, mutuwa take yi gaba ɗaya, ba ta ja.

Na taɓa tambayarsa yadda ake kulle mutum. Ya ce ba a jira ya iso kujerarsa. Yana fitowa daga ofishin manaja an riga an gama, katinsa ba ya buɗe ƙofa, kwamfutarsa ba ta san shi ba.

Wataƙila gyara suke yi.

Alhamis, bayan la'asar

Ya dawo da leda a hannu. Kofin shayinsa, silifas ɗin alwala, cajar waya, da hotonmu da ke kan teburinsa. Ban tambaya ba. Ya cire rigar ya rataye a bayan ƙofa da kansa, ya daidaita kafaɗunta.

Na zuba abinci. Ya ci duka. Ya ce ya yi daɗi.

Juma'a, da magariba

Dogo ya ƙwanƙwasa. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza makullin mota, tsawonsa duk ya zame masa kaya.

"Oga, wallahi tallahi umarni aka ba ni. Ina zaune aka kira ni."

"Na sani."

"Na ce a bari ka kwashe abubuwanka tukuna, suka ce yanzu."

"Ka rufe na wayata?"

"Na rufe."

"Na gida fa? Akwatin?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Kai ka ce kada a taɓa mantawa da na gida, Oga. Ka ce nan ake yawan kuskure."

"Ka yi daidai," in ji Nawan. "Hannunka ya faɗa." Har da dafa masa kafaɗa. Sai da ya yi ɗage kafin ya kai.

Ina bayan labule ina ji. Mutum na farko da yaron ya taɓa kullewa ke nan.

Asabar

Ja.

Litinin, da hantsi

Ya gyara famfon kicin da ya shekara yana ɗiga. Ya kwance fanka ya wanke ta fiffike fiffike. Ya sa wa ƙofar banɗaki mai, yanzu ba ta ƙara, sai na riƙa jin gidan ya yi shiru da yawa.

Abin da aka faɗa a ofishin nan ban sani ba. Sau ɗaya na fara, "Da ka ce musu..." ya ce, "Miƙo mini sukudireba." Na miƙa.

Da zai yi faɗa da na ji sauƙi. A littafi miji yakan daka tsawa, mace ta yi kuka, ya fita ya bugo ƙofa, ya dawo da tsaraba. Wannan sai sannu yake mini. Sannu da aiki, sannu da girki. Uwar labari kuwa ban ƙara ji ba.

Laraba, da yamma

Ina yawan zama a baranda. Na san yadda abin yake tafiya: na'urorin za su tsaya cak, kamfani ya rikice, baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, manaja ya fito yana share gumi, ya hau matakala da kansa. Har na tanadi abin da zan ce masa. Zan ce Injiniya yana hutawa, a dawo gobe.

Motar da ta tsaya yau ta masu kawo gas ce.

Na tambayi amarya a matakala, kamar da wasa, ko aiki yana tafiya. Ta ce, "Lafiya lau, Anti. Ya ce Oga ya tsara komai tsaf, ko makaho zai iya bi." Tana ganin yabo ta yi. Sai ta ƙara da, "Anti, ni fa ban gaya wa kowa maganar nan tamu ba." Na ce wace magana?

Juma'a, bayan la'asar

Ya je neman aiki wuri biyu a makon nan. Na farko, yaron da ya yi masa tambayoyi Baba ya riƙa kiransa. Baba! Ko furfura ɗaya ba shi da ita. Wai irin na'urorin da ya ƙware a kai an fara barin su, yanzu wani sabon abu ake biya da tsada, kuma yara ne suka karanto shi.

Na biyu sun so shi. Sai suka tambayi abin da yake ɗauka a tsohon wurin. Ya faɗi gaskiya. Suka kalli juna, suka ce za su kira. Ya ce mini, yana cire takalmi, "In ka faɗi kaɗan, sai su ce ko akwai abin da ke damun ka. Albashin nan bin mutum yake kamar wari."

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun ranar.

Lahadi, da safe

Umma ta kira shi. Na ji yana cewa, "Aiki lafiya, Umma. Rufin yana raina." Ya ajiye wayar ya daɗe yana kallon ta.

Ni ban ce ya je ya tunkari manaja ba. Karatu na yi masa. Kowa yana karatu.

Litinin

Sun yi wanki sau biyu yau.

Talata, da azahar

Na sayi data kaɗan daga kuɗin cefane. Na buɗe wayar, na ga sunan littafin, na kasa dannawa. Na gaisa da yayata, na kalli hotunan labule, har ta ƙare.

Alhamis, da hantsi

An kira. Na ji sunan kamfanin daga bakinsa, na saki ludayi. Na ce ga shi nan, ga babin ya zo.

Ba manaja ba ne. Wata mata ce daga wani kamfanin da ke haya da ma'aikata, irin masu kawo masu gadi da masu shara. Wai tsohon wurinsa yana buƙatar mai taimaka wa Dogo, kuma an ce shi ya fi sanin wurin. Kwangila ce, wata wata ake sabuntawa. Ba katin asibiti, ba hutu. Abin da za a ba shi bai kai na da ba.

Ya ce zai yi tunani. Da ya ajiye na ce, "Kada ka yarda! Ka ga ai suna buƙatar ka. Ka ja musu rai, ka ce..."

Ya ɗago ya kalle ni. Ban ƙarasa ba.

Da la'asar ya kira ta ya ce ya amince.

Asabar, da yamma

Rediyon shagon ƙasa kuma. Wani mai murya kamar ya sha zuma yana bayani, wai albashin fannin na ci gaba da hawa, matasa su rungumi kwamfuta. Mai shago ya ƙara murya don mu ji, yana ɗaga mana babban yatsa.

Nawan yana zaune yana ɗaure wayar tukunyar shayi. Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya jawo kofuna uku ya jera, biyu manya da ƙaramin nan mai tsaga.

"Kin ga waɗannan? In aka tambaye ki girman kofunan gidan nan a jimlace, me za ki ce?"

Na ce matsakaita.

Ya ɗauke ƙaramin ya sa a ƙarƙashin tebur. "Yanzu fa?"

"Manya."

"To ba a ƙara wa kowa ko ɗigo ba. Kuma 'yan kwangila ba a ƙirga su, a lissafin wani fannin suke, tare da masu gadi." Ya ci gaba da ɗaurinsa. "In Umma ta sake kira, ki ce mata gaskiya ne ya tashi. Da ni aka ɗaga shi."

Kofin ya kwana a ƙarƙashin teburin. Na kasa ɗaukowa.

Litinin, da sassafe

Na tashi da wuri na goge shuɗiyar rigar. Na shimfiɗa ta a kan gado. Ya fito daga wanka ya tsaya a kanta.

"Ta ma'aikata ce," ya ce. "Mu kayan gida muke sawa."

Ya sa farar da ya je neman aiki da ita. Katin da za a ba shi ma, in ji shi, irin na baƙi ne, a karɓa da safe a mayar da yamma wurin mai gadi. Na kai hannu zan gyara masa wuyan riga, ya riga ni.

A matakala suka haɗu da Dogo. Na ji Dogo yana cewa, "Oga, mu tafi a mota." Na ji Nawan ya ce, "Ka daina ce mini Oga, kada a ji a ofis." Na ji ƙofar mota ɗaya ta rufe, sannan ta biyu.

Litinin, bayan la'asar

Amarya ta sauko da saƙo. Wai yanzu mijinta za a riƙa kira in abu ya lalace, an ce akwatin ya koma wurinsu. Ta tsaya tana ba ni haƙuri kamar gaisuwar mutuwa. Na cire shi da kaina, na naɗe wayarsa, na goge shi da gefen zanena na miƙa mata. Ta ce, "Anti, in kina da wanki mai nauyi ki kawo, don Allah, ba komai." Na ce na gode.

A kan firij ya bar wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, ya fi ko'ina haske.

Talata, da hantsi

Ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara a kan kujera. Ashe sun kunna shi a sama, ba su canza lambar sirri ba, sabis ɗin yana ratso silin. Wayar ta gane shi da kanta, ba ta tambaye ni ba. Babin nan da ya tsaya tun ranar ya buɗe, yana jira na.

Na share hannuna. Na ce ba zan karanta ba.

Na karanta. Jarumin ya shiga, ya dafa tebur. Mai kamfani ya miƙe tsaye jiki na rawa, ya ce zauna mu yi magana, ɗana. Aka ninka masa. Ya koma gida da makullin sabuwar mota, matarsa ta yi kukan daɗi a ƙirjinsa, ya ce duk ke ce sila.

Har ƙarshe na karanta, da intanet ɗin Dogo, ruwan wankinsu yana sauka ta bangon kicin. Daga nan na ninke shuɗiyar rigar, tambarin a ciki, na sa ta a ƙasan akwatin kaya.

Fitilar koriya ce yanzu, ina ji. Daga nan dai ba na ganin ta.